Jan Zumbach: Gwarzon sararin Landan da ya ƙare da jefa bam a Makurɗi

Idan kana cikin masu bibiyar fina-finan Turawa, mai yiwuwa ka taɓa cin karo da wani fim mai suna Hurricane da ya fito a 2018, ko da gutsurensa ne a TikTok ko Facebook. Jarumin fim ɗin shi ne Iwan Rheon, wato mugun nan Ramsay Bolton na cikin Game of Thrones. A wannan karon ya fito ne a matsayin wani matashin matuƙin jirgin yaƙi ɗan ƙasar Poland, ƙasar su Lewandowski, wanda aka mamaye ƙasarsa, ya tsere zuwa Ingila, ya hau jirgi ya riƙa kakkaɓo jiragen Hitler a saman birnin Landan. Kana gama kallo za ka ji kamar ka miƙe ka sara masa.

To, mutumin nan an yi shi da gaske. Sunansa Jan Zumbach, kuma yawancin bajintar da aka nuna ya yi ta. Sai dai fim ya tsaya inda labarin ke da daɗi. Abin da ba a nuna maka ba shi ne, shekara 27 bayan wancan yaƙin na Landan, shi dai wannan mutumin ya taso daga Inugu cikin wani tsohon jirgi, ya je ya saki bama-bamai a filin jirgin saman Makurɗi, a nan Najeriya. Yau a wannan fili namu, zo mu bi sawunsa tun daga farko, mu ga yadda aka yi aka haihu a ragaya.

Yaron da aka haifa a ƙasar da babu ita a taswira

An haifi Jan Zumbach ranar 14 ga Afrilu, 1915, a Ursynów, kusa da birnin Warsaw. A ranar da aka haife shi, in ka buɗe taswirar duniya ba za ka ga wata ƙasa mai suna Poland ba. Tun a 1795 manyan maƙwabtanta uku, Rasha da Firushiya da Ostiriya, suka gama yanyanka ta suka raba a tsakaninsu. Shekara 123 mutanenta suka yi suna da harshe da tarihi amma ba su da tuta. Sai a 1918, bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya, ƙasar ta dawo. Ka ga ke nan Zumbach ya girmi 'yancin ƙasarsa da shekara uku, kuma ya tashi cikin samarin da aka yi wa huɗuba tun suna ƙanana cewa kada su sake a ƙara ƙwace ta.

Gidansu gidan masu gonaki ne, suna da rufin asiri. Kakansa na wajen uba mutumin Suwizalan ne da ya zo ya zauna a Poland, don haka a takarda Jan ɗan Suwizalan ne. Riƙe wannan maganar ta takarda da kyau, za mu dawo kanta a gaba.

Tun yana yaro ya ƙwallafa rai a kan jirgin sama. Mahaifiyarsa ba ta so. Gogan naka sai ya yi irin ta yaran da ba sa jin bari: ya ƙirƙiri sa hannunta a takardar amincewa, ya ɓoye cewa shi ɗan wata ƙasa ne, ya shiga soja. Ya fara da sojan ƙasa, daga baya a 1936 ya samu shiga makarantar horar da matuƙan jiragen yaƙi da ke garin Dęblin, wadda ake yi wa laƙabi da makarantar 'ya'yan gaggafa. Makaranta ce mai tsauri, ba kowa ke fitowa ba. Ya kammala a 1938, aka tura shi runduna ta 111 mai gadin sararin Warsaw. A makarantar ne ya yi abokai biyu na kut-da-kut, Mirosław Ferić da Witold Łokuciewski, har ana kwatanta su da jaruman nan uku masu takobi na tsohon labarin Faransawa, saboda ba ka ganin ɗaya babu sauran.

Yaƙi ya same shi yana jinya

Ga inda ƙaddara ta fara wasa da shi. A 1939, kafin yaƙi ya ɓarke, ya yi haɗari da jirgi ya karya ƙafa. Ranar 1 ga Satumba, 1939, lokacin da Jamus ta afka wa Poland, ranar da ya shafe shekaru yana shiri dominta, shi yana can yana jinyar karaya. Abokansa suka tashi sama suka tari Jamusawa da wani jirgi da ake kira P.11. Jirgi ne da matuƙi ke zaune a buɗe iska na dukansa, tayoyinsa ba sa naɗewa, kuma wasu manyan jiragen Jamus masu ɗauke da bam ma sun fi shi gudu. Duk da haka sun taɓuka.

Ranar 17 ga Satumba kuma sai Tarayyar Sobiyet ta shigo ta gabas, bisa wata yarjejeniyar sirri da Stalin ya ƙulla da Hitler. Gaba kura, baya sayaki. Aka umarci sojojin sama su tsallaka Romaniya. Zumbach ya bi sawunsu da ɗingishinsa, bai harba harsashi ko ɗaya don kare ƙasarsa ba. Yana da shekara 24 ya bar gida.

A Romaniya an riƙa tsare sojojin Poland a sansanoni, amma dubbai sun zame da takardun bogi. Shi ma ya zame, ya hau jirgin ruwa zuwa Bairut a Labanan, daga can ya wuce Faransa. Ya samu jirgi a hannun Faransawa, ya shiga yaƙi, ranar 10 ga Yuni, 1940 aka harbo shi, ya tsira ba ko ƙwarzane. Ba a yi mako biyu ba Faransa ma ta miƙa wuya. Ya sake hawa jirgin ruwa, sai Ingila. Cikin wata goma ya ga faɗuwar ƙasa biyu da idonsa.

Turawan Ingila sun raina su

Kada ka ɗauka an tarbe su da kiɗa. Manyan hafsoshin sojin saman Birtaniya kallon 'yan gudun hijira suke yi musu, mutanen da aka ci da yaƙi har sau biyu, ga shi ba sa jin Turanci. Kuma akwai matsaloli na zahiri. Su sun saba da kilomita da lita, Ingila kuma mil da galan take aunawa. A jiragen da suka saba da su, baya ake jan abin ba da wuta in ana so a ƙara gudu, a na Ingila kuwa gaba ake turawa. Wasu sun saba da jirgin da tayarsa ba ta naɗewa, sai su manta su sauke tayoyi lokacin sauka, jirgi ya dira da ciki.

Don a koya musu bin umarni ta rediyo, har kekuna masu taya uku aka ɗora su a kai, aka ɗaura musu rediyo, suna zagaya fili a jere kamar 'yan firamare. Ka yi tunani: ƙwararrun da suka riga suka gwabza da Jamusawa a sama, wai su ne ake koya wa faretin keke, alhali ga yaƙi can ana yi a saman kansu.

Ranar 2 ga Agusta, 1940 aka kafa Runduna ta 303 a sansanin Northolt da ke gefen Landan, Zumbach na cikin waɗanda aka fara da su. Aka ba su jiragen Hurricane, aka ɗora musu shugabanni biyu, Ronald Kellett ɗan Ingila da Zdzisław Krasnodębski ɗan Poland. Ranar 30 ga Agusta, ana cikin atisaye, wani daga cikinsu mai suna Ludwik Paszkiewicz ya hango jiragen Jamus, ya fice daga layi, ya harbo ɗaya. Aka yi masa faɗa, aka kuma yaba masa. Washegari aka ce rundunar ta shiga yaƙi.

Makonni shida da suka yi masa suna

Bari ka gane abin da ake ciki a lokacin. Hitler yana so ya karya rundunar saman Birtaniya don ya samu hanyar tsallako da sojoji ta teku. Jiragen Birtaniya ana ƙera su, amma matuƙa na mutuwa fiye da yadda ake horar da sababbi. Ana tura yara 'yan shekara 19 da 20 sama da ɗan guntun horo. A irin wannan hali ne aka saki mutanen Poland.

Ranar 7 ga Satumba, 1940, Jamus ta kai wa Landan babban harin farko da rana tsaka, da ɗaruruwan jirage. A ranar Zumbach ya harbo jirage biyu masu jefa bam ƙirar Dornier. Kafin a janye rundunar don ta huta a watan Oktoba, an rubuta masa jirage 8 shi kaɗai. Runduna ta 303 kuwa an rubuta mata 126 cikin kimanin mako shida. Masana tarihi da suka duba takardun Jamus daga baya sun rage adadin, kamar yadda suka rage na kusan kowace runduna, don a cikin ruɗanin yaƙi mutum biyu kan yi iƙirarin jirgi ɗaya. Amma ko bayan ragin, 303 na sahun gaba.

Mene ne sirrin? Da yawa a lokacin sun ce ganganci ne da zafin rai. E, akwai zafin rai, don duk jirgin Jamus da suka gani, irinsa ne ya yi wa garuruwansu ruwan wuta. Amma babban abin shi ne horo da gogewa. Wanda ya koyi yaƙi da jirgi mai rauni da ƙananan bindigogi dole ya koyi matsawa dab da abokin gaba kafin ya buɗe wuta, in ba haka ba asarar harsashi kawai zai yi. Da aka ba su Hurricane mai bindiga takwas, suka ci gaba da wannan matsawa, sai ɓarnar ta zama babba. Sannan sun saba baza ido ko'ina a sama, maimakon zuba wa jirgin shugaba ido don a tsare layi. Talaucin kayan aiki da suka sha a gida shi ya zame musu jari a waje.

Matuƙa 145 'yan Poland ne suka shiga wannan yaƙi na sararin Birtaniya, 29 daga cikinsu suka mutu. Nan da nan suka zama taurari. Jaridu na buga hotunansu, Sarki George na Shida ya kai musu ziyara har Northolt, a gidajen abinci ana ƙin karɓar kuɗinsu. Da a zamanin yanzu ne, da ka ce sunansu ne ke tashe a kowane dandali. Zumbach kuwa, mai fara'a, mai son shagali, ya ci wannan kasuwa sosai.

Yaƙi ya ci gaba, abokai suna raguwa

A watan Mayun 1941 aka sake harbo shi a kusa da Dover, ya diro da lema ya tsira. A watan Fabrairun 1942 amininsa Ferić ya mutu lokacin da jirginsa ya tarwatse a saman Northolt. Wata ɗaya bayan nan aka harbo ɗaya aminin, Łokuciewski, Jamusawa suka kama shi. Cikin su ukun nan saura shi kaɗai a sama.

A watan Mayun 1942 aka ba shi shugabancin Runduna ta 303 gaba ɗaya, yana da shekara 27. A lokacin sun koma tuƙa Spitfire, kuma shi nasa an san shi da zanen agwagwar nan ta katun, Donald Duck, a gefen hancinsa. Har yau masu haɗa ƙananan jiragen roba na ado suna sayen samfurin wannan jirgin. Shi ya jagoranci rundunar ranar 19 ga Agusta, 1942 a harin Dieppe da ke gaɓar Faransa, harin da ya zame wa sojojin ƙawance masifa a ƙasa, amma 303 ta yi fice a sama. Kafin yaƙi ya ƙare an tabbatar masa da harbo jirage fiye da 12, ya kai muƙamin laftanar-kanar, ya samu Virtuti Militari, lambar yabon soja mafi daraja a Poland, Birtaniya ma ta ba shi tata lambar ta jaruman sama har sau biyu.

Ƙarshen yaƙin nasa kuwa abin dariya ne da tausayi. A watan Afrilun 1945, saura wata ɗaya Jamus ta miƙa wuya, yana tuƙa wani ɗan ƙaramin jirgin kai saƙo sai ya ɓace hanya, ya sauka a yankin da ke hannun Jamusawa. Mutumin da gwanayen Hitler suka kasa gamawa da shi, ɓatan hanya ya mayar da shi fursunan yaƙi.

An ci moriyar ganga

Yanzu mun zo inda rayuwarsa ta karye, don haka ka ɗan natsu. Birtaniya ta shiga yaƙin ne tun farko saboda alƙawarin da ta yi na kare Poland. Sojojin Poland da ke gudun hijira sun yi shekara shida suna mutuwa bisa fatan in an ci nasara za su koma gida mai 'yanci. Amma a watan Fabrairun 1945, a taron Yalta, Churchill da Roosevelt da Stalin suka zauna, aka bar Poland a ƙarƙashin inuwar Sobiyet, aka kuma amince Stalin ya riƙe gabashin ƙasar da ya ƙwace. Shi dai Stalin ɗin nan, jami'ansa ne suka harbe hafsoshi da 'yan bokon Poland kusan 22,000 a 1940, kisan da aka fi sani da na dajin Katyn. A watan Yulin 1945 Birtaniya ta janye amincewarta da gwamnatin Poland mai gudun hijira a Landan, wadda ita ce Zumbach ya yi wa rantsuwa.

Ranar 8 ga Yuni, 1946 aka yi gagarumin faretin nasara a Landan. Sojoji daga sassan duniya suka yi maci, amma sojojin Poland da suka yi yaƙi ƙarƙashin Birtaniya ba sa ciki, don kada a ɓata wa Stalin rai. An aika wa wasu tsirarun matuƙa goron gayyata, suka ƙi zuwa tun da an bar 'yan uwansu na ƙasa da na ruwa a waje. Waɗanda aka riƙa ɗagawa sama a 1940, sai ga shi a 1946 ana ce musu su koma inda suka fito, sun zo suna cinye ayyukan 'yan ƙasa. An ci moriyar ganga an yar da kwaurenta.

To su koma ina? Ga misali ɗaya ya ishe ka. Stanisław Skalski, wanda ya fi kowane matuƙin Poland harbo jirage a yaƙin, ya koma gida a 1947. A 1948 gwamnatin 'yan gurguzu ta kama shi bisa zargin leƙen asiri, aka azabtar da shi, aka yanke masa hukuncin kisa, daga baya aka mayar da shi ɗaurin rai-da-rai. Sai a 1956 aka sake shi. Ladan gwarzo ke nan a gida a wancan zamanin.

Wasu suka zauna a Ingila suka zama leburori da masu wanke kwanuka a otal. Wasu suka wuce Amurka, Kanada ko Ajantina. Zumbach ya bar soja a ƙarshen 1946 yana da shekara 31, ba gida, ba sana'ar da ya iya sai tuƙi da harbi. Nan ne takardar nan da ya ɓoye yana saurayi ta yi rana. Ya zaro fasfonsa na Suwizalan.

Daga gwarzo zuwa ɗan fasa-ƙwauri

Turai bayan yaƙi wuri ne na ƙarancin komai, ga tsauraran dokokin kuɗi da na kan iyaka. Duk mai jirgi da ƙarfin hali zai yi kuɗi. Zumbach ya haɗa kai da wasu tsofaffin matuƙa suka buɗe kamfanin hayar jirage, amma ainihin cinikin fasa-ƙwauri ne. Shi da kansa ya ba da labari a littafin tarihin rayuwarsa cewa ya yi safarar agogunan Suwizalan, zinare, takardun kuɗi da taba tsakanin ƙasashen Turai da Gabas ta Tsakiya. Kuɗi na shigowa, kuɗi na fita. Daga baya ya zauna a Faris ya buɗe gidan rawa. In da wani ne, da nan labarin ya ƙare, tsohon soja ya samu abin yi ya yi ƙiba. Shi kuwa zama wuri ɗaya ya gagare shi.

A 1960 Kwango ta samu 'yanci daga Beljiyam. Ba a yi mako biyu ba lardin Katanga mai arzikin tagulla ya ɓalle ƙarƙashin Moïse Tshombe, da goyon bayan kamfanonin haƙar ma'adinai na Turawa. A Katangar nan ne aka kashe Patrice Lumumba a watan Janairun 1961. A farkon 1962 Tshombe ya ɗauki Zumbach ya kafa masa rundunar sama. Ya sayo tsofaffin jiragen koyon tuƙi, aka ɗaura musu makamai, ya tattaro matuƙan haya. Wa suke fuskanta? Sojojin gwamnatin Kwango da dakarun Majalisar Ɗinkin Duniya, rundunar da Najeriya ma ta ba da sojoji a cikinta, irin su Aguiyi-Ironsi da Yakubu Gowon da Murtala Muhammed duk sun yi aiki a Kwango. A ƙarshen 1962 jiragen Majalisar suka ragargaza jiragen Katanga a ƙasa, a watan Janairun 1963 tawayen ya mutu. Zumbach ya koma Turai ya shiga dillancin tsofaffin jirage.

Dubi abin da kyau. Mutumin da manyan ƙasashe suka yanyanka ƙasarsa saboda son ransu, shi ne ya karɓi kuɗi don a yanki wani ɓangare na wata ƙasar Afirka da ba ta ko tsaya da ƙafarta ba.

John Brown a sararin Najeriya

Ka san tarihinmu na 1966: juyin mulkin Janairu da aka kashe Sardauna da Tafawa Ɓalewa, juyin mulkin ramuwa na Yuli, da kashe-kashen 'yan ƙabilar Ibo a garuruwan Arewa da ya sa ɗimbin jama'a suka gudu Gabas. Ranar 30 ga Mayu, 1967 Ojukwu ya ayyana ƙasar Biyafara, ranar 6 ga Yuli aka fara harbi.

Biyafara na neman jirgin yaƙi ido rufe. Aka samo mata wani tsohon jirgin jefa bam ƙirar Amurka, B-26, irin na zamanin Yaƙin Duniya na Biyu, wanda sojin Faransa suka gama amfani da shi. Zumbach na cikin waɗanda suka kawo shi Inugu, ya kuma tsaya ya tuƙa shi a fagen daga. Yana da shekara 52, yana amfani da sunan bogi, John Brown. An cire wa jirgin makamansa kafin a sayar, don haka a Inugu aka liƙa masa bindiga, aka ƙera bama-bamai na gida, aka zana masa baki mai haƙoran kifin shak a hanci.

A watan Yulin 1967 ya kai hari filin jirgin Makurɗi, garin da sojojin tarayya ke bi suna gangarawa Gabas. A makonnin farko jirgin ya tayar da hankali ƙwarai, saboda a lokacin gwamnatin tarayya ba ta da jiragen yaƙin da za su tare shi. A watan Agusta labari ya sauya: jiragen MiG daga Tarayyar Sobiyet suka iso Kano. Wato makaman ƙasar nan da ta hana shi komawa gida, su ne suka sake biyo shi har Afirka. Bai daɗe ba ya tattara ya koma Turai. Da sojojin tarayya suka kama Inugu a farkon Oktoba, a can aka tarar da jirgin mai haƙora an bar shi. Yaƙin kuwa sai da ya kai Janairun 1970, ya ci rayukan da ƙiyasi da dama suka ce sun haura miliyan ɗaya, akasarinsu yara da yunwa ta kashe. Shi yana can Faransa.

A 1973 ya fitar da littafin tarihinsa da Faransanci mai suna Mister Brown, a 1975 aka buga shi da Turanci da sunan On Wings of War. Ya mutu a Faransa ranar 3 ga Janairu, 1986, yana da shekara 70. Aka kai shi Warsaw aka binne a maƙabartar sojoji ta Powązki. Shekara uku bayan nan, a 1989, mulkin 'yan gurguzu ya faɗi a Poland. 'Yancin da ya bar gida dominsa yana ɗan shekara 24 bai gan shi ba.

To, gwarzo ne ko sojan haya?

Na san abin da wasunku za su yi. Wani zai ce ai shi ke nan, mugu ne, ya jefa mana bam. Wani zai ce a'a, jarumi ne, an yi masa fim. A dandalin sada zumunta haka muke so, a raba mutane gida biyu cikin daƙiƙa talatin a wuce. Rayuwar mutumin nan ta ƙi shiga gida ɗaya. Ɗan Landan da gidansu ya tsira a 1940 yana da dalilin gode masa. Ɗan Poland yana da dalilin saka furanni a kabarinsa. Ɗan Kwango da sojan da ke filin jirgin Makurɗi a ranar nan suna da dalilin ƙin jin sunansa. Duk gaskiya suka faɗa.

Abin da na fi so ka ɗauka shi ne wannan. Hannun da ya tuƙa Hurricane a 1940 shi ne ya tuƙa B-26 a 1967. Ƙwarewar ɗaya ce, ƙarfin halin ɗaya ne. A karon farko yana da amsa in an tambaye shi don me yake harbi: an ƙwace masa gida. A karo na biyu amsar ita ce an biya shi, kuma zama ya ishe shi. An zalunce shi, wannan babu musu. Amma an zalunci Skalski fiye da shi, an zalunci dubban abokansa da suka ƙare a masana'antun Ingila, kuma ba su je sun sayar da hannunsu a yaƙin wasu ba. Zaluncin da aka yi maka yana bayyana yadda ka tsinci kanka a mararraba, amma kai ne ke zaɓar hanya.

Kai ma kana da wata ƙwarewa, ko kana kan koyonta. Wataƙila kwamfuta ce, wataƙila iya haɗa bidiyo, wataƙila iya magana har mutum dubu hamsin su saurare ka. Kuma mai yiwuwa kana jin ƙasarka ba ta yi maka adalci ba, kana da hujja. Wata rana wani zai zo da kuɗi ya ce ka yi masa aiki da wannan baiwa, ka ɓata wani, ka yaɗa abin da ka san ƙarya ne, ka hura wutar da ba gidanku za ta ci ba. Ranar nan ka tuna da mutumin da aka binne a Warsaw da lambobin yabo, wanda a Najeriya ko sunansa na gaskiya bai yi amfani da shi ba.

In ka samu fim ɗin ka kalla, yana da kyau. Amma in ya ƙare, ka tuna saura shekara 40 na rayuwarsa da kyamara ba ta bi ba. Mu haɗu a mako mai zuwa.